Koyar da Sarrafa Ƙima ga Ɗaliban Injiniya: Lacca, Kwance Kaya, Bita ko Manhaja?

Malamin da aka ɗora wa koyar da zayyanar kayayyaki a tsangayar injiniya, aka kuma ce ya shigar da sarrafa ƙima cikin darasin, wato dabarar samun aikin da ake buƙata daga abu da mafi ƙarancin kuɗi ba tare da rage ingancinsa ba, yakan tarar da zango ɗaya na mako 15 a gabansa, da aji mai cunkoso, da kuɗin sashe waɗanda ba su taka kara sun karya ba. Hanyoyin da aka saba bi huɗu ne: lacca tare da nazarin misalai, kwance kaya a ɗakin gwaje-gwaje, bita a kan aikin wani mai sana'a na gaske, da kuma amfani da manhajar kwamfuta. Zango ɗaya ba zai ɗauki huɗun nan da nauyi ɗaya ba, don haka dole a zaɓi wadda za ta zama ginshiƙi, sauran su zama 'yan rakiya.

Fannin ya samo asali ne daga kamfanin General Electric na Amurka, inda ƙarancin kayan aiki a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya tilasta neman madadi, sai aka lura cewa wani madadin ya fi na asali araha kuma bai gaza shi inganci ba. A 1947 Lawrence Miles ya mayar da wannan dace tsararriyar hanya, wadda ta tsaya a kan tambayoyi kaɗan: mene ne wannan abu, wane aiki yake yi, nawa yake ci, mene ne kuma zai iya yin aikin, shi kuma nawa zai ci. Rundunar sojan ruwa ta Amurka ta karɓi hanyar a 1954, aka kafa SAVE, ƙungiyar ƙwararrun wannan fanni, a 1959, sannan Turai ta fitar da ƙa'idarta mai lamba EN 12973 a 2000, wadda ta bayyana ƙima da cewa dangantaka ce tsakanin biyan buƙata da dukiyar da aka kashe wajen biyanta.

Ma'aunan zaɓi

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya rinjayi sauran, shi ne ko ɗalibi zai fita yana iya raba abu da aikinsa. A wannan fanni ana bayyana kowane aiki da kalmomi biyu kacal, aikatau da suna: fanka tana "motsa iska", kejinta yana "kare yatsu", gindinta yana "ɗaukar nauyi". Muddin ɗalibi yana kallon keji a matsayin keji, iyakar tunaninsa ita ce ya rage kaurin wayar da aka saƙa shi da ita. Idan ya gane cewa kare yatsu ake nema, sai hanyoyi da dama su buɗe masa. Abin yana da sauƙin faɗa, amma ɗalibin da ya shekara uku yana lissafin ƙarfin ƙarfe da juyawar inji yakan sha wuya kafin ya saba da shi.

Na biyu kuɗi ne, wato abin da sashe zai kashe a farko da wanda zai riƙa kashewa kowace shekara. Na uku ɗorewa, kuma fuska biyu gare ta: tsawon zaman ilimin a kan ɗalibi, da kuma ko hanyar za ta ci gaba idan malamin da ya kawo ta ya tafi ƙaro karatu ko ya yi ritaya. Na huɗu sauƙin gudanarwa, musamman yawan ɗalibai da wahalar ba da maki bisa adalci. Wannan ya ƙara nauyi a Najeriya tun da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a ƙasar, ta zama cikakkiyar mamba a Yarjejeniyar Washington ta amincewa da digirin injiniya tsakanin ƙasashe a 2023, domin masu tantance kwasa-kwasai yanzu hujjar abin da ɗalibi ya iya suke nema, ba jerin abin da aka karanta masa kawai ba.

Na biyar haɗari. Akwai na jiki, amma wanda ya fi muni shi ne a yaye injiniyan da ya ɗauka sarrafa ƙima yana nufin zaftare kuɗi. Gobarar benen Grenfell da ke Landan a watan Yunin 2017 ta hallaka mutum 72, kuma binciken da aka gudanar ya nuna cewa lokacin gyaran ginin an sauya rufin bangon da aka tsara na zinki da na alminiyam mai roba a tsakiya, don a rage kusan fam 300,000, da sunan inganta ƙima. An rage kuɗi, amma an zubar da aikin "hana yaɗuwar wuta", wanda a tsarin Miles bai halatta a taɓa shi ba. Duk hanyar koyarwar da ba ta dasa wannan bambanci a zuciyar ɗalibi ba, ta yi ɓarna ko da kowa ya ci jarrabawa.

Lacca da nazarin misalai

Wannan ita ce mafi araha, domin allo da takardu kawai take buƙata, kuma aji mai ɗalibai 200 ba ya gagarar ta. Takardun darasi suna zama a sashe, wani malamin ya ɗauka ya ci gaba. A nan ne ya fi dacewa a koyar da zanen FAST, wanda Charles Bytheway ya gabatar a taron SAVE na 1965, inda ake jera ayyuka a layi: idan aka nufi dama ana amsa tambayar "ta yaya", idan aka komo hagu ana amsa "don me".

Ingancin lacca ya rataya ne a kan misalin da aka zaɓa. Famfon tuƙa-tuƙa misali ne mai kyau, domin kusan kowane ɗalibi ya taɓa buga ruwa a jikinsa. Samfurin India Mark II, wanda aka ƙirƙira a Indiya a shekarun 1970 da hannun UNICEF, yana da ƙarfi ƙwarai, amma idan abin cikin rijiya ya lalace sai an zaro bututun ƙarfe gaba ɗaya, aikin da ke buƙatar kayan aiki masu nauyi da ƙwararrun masu gyara. Samfurin Afridev, wanda aka bunƙasa a Malawi da Kenya a shekarun 1980, an zayyana shi ne yadda za a zaro fistin ta cikin bututun roba ba tare da an tumɓuke bututun ba, har mutanen ƙauye su iya sauya robar da ta cinye da kansu. Duka biyun suna "ɗago ruwa", amma na biyun ya ba "sauƙaƙe gyara" matsayin da na farkon bai ba shi ba, kuma daga nan ɗalibi zai fahimci cewa kuɗin abu ba ya ƙarewa a ranar saye.

Raunin lacca sananne ne. Ɗalibi zai haddace matakai, ya zuba su a takardar jarrabawa, bayan wata biyu kuma su bi iska. Haɗarin jiki babu, amma ma'auni na farko da ƙyar take taɓa shi.

Kwance kaya

A nan ana ba kowane rukuni na ɗalibai huɗu ko biyar kaya iri ɗaya daga kamfanoni daban-daban, misali fanka biyu ko uku masu bambancin farashi, su kwance su har noti na ƙarshe. Masana'antun mota sun daɗe suna yi wa motocin abokan gasarsu haka, kuma Yoshihiko Sato ya tsara hanyar sosai a kamfanin Isuzu na Japan tun shekarun 1970. A ɓangaren koyarwa kuma, Sheri Sheppard ta shigar da irin wannan darasi a Jami'ar Stanford a farkon shekarun 1990.

Aikin ba ya tsaya a kwancewa. Kowane ɓangare sai an ba shi lamba, an auna nauyinsa, an gano da me aka yi shi da kuma yadda aka ƙera shi, ko zubi ne, ko matsi, ko walda. Daga nan a zana jadawali mai ɓangarori a gefe ɗaya da ayyuka a ɗaya gefen, a rarraba kuɗin kowane ɓangare a kan ayyukan da yake yi. A wannan jadawali ne idon ɗalibi yake buɗewa, lokacin da ya ga wani aiki na ado ya cinye kaso mai tsoka, alhali wani aiki na tsaro an yi masa ƙwauro. Gani ya kori ji. Idan aka buɗe motar fanka mai araha aka tarar da koyil ɗin alminiyam maimakon jan ƙarfe, to ga muhawara ta samu: alminiyam yana ɗaukar wajen kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya yake ɗauka, don haka idan mai zayyana ya ƙara kaurin wayar ya kuma kula da mahaɗarta, sauyin yana iya zama na hankali, idan kuwa ya bar kaurin yadda yake, motar za ta riƙa zafi har ta ƙone. Abu ɗaya ne aka sauya, amma a hali na farko an inganta ƙima, a na biyu an cuci mai saye.

Ta fuskar kuɗi, hanyar tana da rangwame. Sukudireba, sifana, filaya, sikeli da ma'aunin kauri sau ɗaya ake sayensu, kayan kwancewa kuma ana iya samun na hannu ko matattu daga wajen masu gyara, tunda ba lallai ne su yi aiki ba. Abin da aka kwance a tsanake ana mayar da shi a ajiye wa 'yan baya, ko da yake ƙananan notuna da maƙalan roba ba sa jure hannuwa da yawa, don haka a sa ran sabunta wasu kayan lokaci-lokaci.

Wahalarta ta gaske tana wajen ƙiyasta kuɗi. Farashin da mai shagon kayan gyara zai faɗa ba shi ne kuɗin ƙerawa ba, domin ya ƙunshi kuɗin kwastan da na sufuri da ribar hannuwa da yawa. Gara a sa ɗalibai su fara daga nauyin abu da farashin kilo na ɗanyen kayan, su ƙara ƙiyasin aikin ƙira, su kuma rubuta zaton da suka dogara da shi a fili. Lissafin ba zai yi daidai da na masana'anta ba, amma ba shi ake nema ba. Abin nema shi ne a gane wane aiki ya fi wane cin kuɗi.

Haɗarin jiki yana nan, kuma ana iya kauce masa. Kada a kawo na'urar ɗumama abinci ta lantarki ko tsohuwar talabijin mai ƙeya, saboda suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare su daga soket, haka ma duk abin da ke da batirin litiyam. Ɗaya haɗarin kuma na tunani ne: kwance kaya baya yake kallo, yana nazarin abin da wani ya riga ya ƙera, kuma kayan da ke kan tebur ba za su faɗi abin da mai amfani da su yake so ba. Idan aka bar ɗalibai haka, shawararsu duka za ta koma "a cire wannan, a sirance wancan". Maganin abin shi ne a wajabta wa kowane rukuni tattaunawa da masu amfani da kayan da kuma mai gyaransu kafin a taɓa sukudireba. Mai gyaran fanka ya san ɓangaren da ya fi mutuwa fiye da kowane littafi.

Bita a kan aiki na gaske

Wannan ita ce surar da ƙwararru suke aiki da ita. A tsarin SAVE, bitar tana da matakai shida: tattara bayani, nazarin aiki, ƙirƙiro dabaru, tantance su, bunƙasa waɗanda aka zaɓa, da gabatar da shawara ga mai abu. A al'ada ana yin bitar ne cikin kwana biyar a jere, sa'o'i 40, da ƙaramin ayari na mutane masu fannoni daban-daban da jagora guda. A jami'a, mai abun yana iya zama maƙerin injin markaɗe ko na sussuka, irin waɗanda ake samu a kasuwar Panteka ta Kaduna, ko wata ƙaramar masana'anta da ke kusa.

Babu hanyar da ta kai wannan cika ma'auni na farko, kuma abin da ɗalibi ya koya a nan yana daɗewa tare da shi, domin ya tsaya gaban mutumin da abincinsa ya dogara da injin, ya kare shawararsa da lissafi. A nan ne kuma yake koyon ladabin da ke tsakanin mataki na uku da na huɗu, wato a zubo dabaru ba tare da suka ba, sai daga baya a tace. Akwai wani abu da malami zai lura da shi a irin ajinmu: matashi yana jin nauyin kushe aikin dattijon da ya haife shi a gabansa, shi ma dattijon ba zai ji daɗin yara su ce injinsa yana da aibu ba. Maganar aiki tana warware wannan, domin ba a cewa "ƙafar injin Baba ta yi nauyi", sai dai a tambaya ta wace hanya kuma za a "hana girgiza", kuma sau da yawa shi maƙerin ne zai fara kawo amsa.

Sai dai ita ce mafi tsada da wahala. Akwai sufuri, da kayan gwajin samfuri, da lokacin malamai fiye da ɗaya, kuma idan ana son jagora mai shaidar ƙwarewa ta SAVE, horon da jarrabawar da dala ake biya. Kwana biyar a jere ba sa shiga jadawalin zango cikin sauƙi, idan kuma aka yayyanka su zuwa sa'o'i biyu kowane mako, zafin aikin yakan huce. Aji mai yawa ba ya yiwuwa sai an sami masu sana'a da yawa. Ta fuskar ɗorewa a sashe kuwa, ita ce mafi rauni, saboda yawanci a kan sanayyar malami ɗaya take tsaye, kuma yajin aiki na wata uku ya isa ya sa mai sana'ar ya juya ga harkokinsa.

Haɗarinta ya shafi amana. Mai sana'a yana iya ɓoye ainihin kuɗin da yake kashewa, wanda hakan zai rushe nazarin tun daga tushe, ko kuma ya bayyana sirrinsa ɗalibi ya kai wa abokin gasarsa. Haka nan shawarar ɗalibai, idan aka aiwatar da ita ba gwaji a kan injin da ke juyi da gudu, tana iya raunata wani. Ya kamata a rubuta yarjejeniya tun farko a kan sirri da mallakar dabarar da aka samo, a kuma bayyana cewa babu sauyin da zai shiga kasuwa sai injiniya mai rajista ya duba shi.

Manhajar kwamfuta

Kashi biyu ne a nan. Na farko, jadawalin QFD, wanda Yoji Akao ya assasa a Japan aka kuma yi amfani da shi a tashar ƙera jiragen ruwa ta Mitsubishi da ke Kobe a 1972, yana danganta buƙatun mai saye da siffofin fasaha, kuma Excel ko takarda ma ta ishe shi. Kashi na biyu su ne manhajojin kasuwanci masu ƙiyasta kuɗin ƙira da harhaɗawa, irin DFMA ta Geoffrey Boothroyd da Peter Dewhurst, waɗanda ake biyan lasisinsu da kuɗin waje, ga buƙatar kwamfutoci masu ƙarfi da tsayayyiyar wuta. Da zarar lasisi ya ƙare ba a sabunta ba, darasin ya tsaya.

Ba da maki yana da sauƙi, haɗarin jiki kuma babu. Matsalar ita ce alƙaluman da ke cikin manhajar an gina su ne a kan ladan ma'aikata da injunan ƙasashe masu manyan masana'antu. A can, haɗe ɓangarori biyar su zama guda na roba riba ce, domin aikin hannu yana da tsada kuma dubbai ake ƙerawa. Ga wanda yake ƙera inji ashirin a wata, wanda kuma masu sayensa suke so su iya sauya boris a garinsu, amsar tana iya juyewa. Ɗalibin da bai taɓa ƙiyasi da hannunsa ba zai karɓi lambar da allo ya nuna masa kamar yankan wuƙa. Abin farin ciki shi ne zuciyar hanyar DFMA tambayoyi uku ne da ba sa buƙatar lasisi: shin ɓangaren yana motsi dabam da na kusa da shi, shin dole ne a yi shi da wani abu dabam, shin dole ne ya rabu don a iya harhaɗawa ko kwancewa. Idan amsar duka ukun a'a ce, ɓangaren ya cancanci a duba yiwuwar haɗe shi da wani.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Lacca da misalai | Kaɗan ƙwarai | Tana daɗewa a sashe, ba ta daɗewa a kan ɗalibi | Mai sauƙi ko a babban aji | Hadda ba fahimta |
| Kwance kaya | Matsakaici a farko, kaɗan daga baya | Mai kyau ta fuska biyun | Matsakaici, tana son masu taimako | Rauni, da karkata ga zaftare kuɗi |
| Bita da mai sana'a | Mai yawa | Tana daɗewa a kan ɗalibi, mai rauni a sashe | Mai wuya, ƙaramin aji kawai | Janyewar mai abu, sirri, shawara ba gwaji |
| Manhaja | Mai yawa, kowace shekara | Iyakar wa'adin lasisi | Mai sauƙi idan akwai wuta da kwamfuta | Dogaro da alƙaluman wata ƙasa |

Wace hanya ta dace da wa

Malamin da ke da ɗalibai sama da ɗari a shekarar karatu ta biyu ko ta uku, da kuɗi kaɗan, kwance kaya ya kamata ya zama ginshiƙinsa, bayan lacca ta mako uku ko huɗu a kan bayyana aiki da zanen FAST, tare da sharaɗin tattaunawa da masu amfani da masu gyara. Tambayoyin DFMA uku su shigo a takarda a wannan mataki. Haka ma kwalejin kimiyya da fasaha, inda ɗalibai suka riga suka saba da aikin hannu kuma akwai masu kula da ɗakin aiki da za su taimaka.

Wanda ba shi da ɗakin gwaje-gwaje ko kaɗan, ko aka ba shi mako biyu kacal a cikin wani kwas, ya tsaya a lacca, amma ya shigo aji da abu ɗaya a hannu, ko da tocila ce, ya kuma sa tambayar jarrabawa ta zama nazarin wani abu da ba a taɓa tattaunawa a aji ba maimakon lissafo matakai shida.

Bita ta fi dacewa da 'yan ajin ƙarshe, waɗanda suka dawo daga horon sanin makamar aiki na SIWES na wata shida sun ga yadda masana'anta take, musamman idan aka ɗaura ta a kan aikin kammala karatu, da kuma ɗaliban digiri na biyu da injiniyoyin da ke bakin aiki. Kada sashe ya fara ta sai yana da aƙalla malamai biyu da suka iya jagorancinta da masu sana'a fiye da ɗaya da suka amince a rubuce.

Manhajar kasuwanci kuwa ta sashen da ke shirya ɗalibai don masana'antu masu ƙera kaya da yawa ce, ko wanda wani kamfani ya ɗauki nauyin lasisinsa na shekaru, kuma ko a nan a ajiye ta sai bayan ɗalibai sun kwance abu sun ƙiyasta kuɗinsa da hannu, sannan a sa su sauya ladan aiki da farashin kayan da ke cikin manhajar zuwa na kasuwar da za a sayar da abin.